Yadda Ake Sauya Fitilun Titi da na Masana'anta Zuwa LED

Mai sayen fitilar LED yakan fara da tambayar wat nawa ce, kuma daga nan ake fara asara. Wat wutar da fitila ke sha kawai yake nunawa. Hasken da take fitarwa da lumen ake auna shi, wanda ya sauka a ƙasa ko kan teburin aiki kuwa da luks, wato lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Fitila mai kyau a yau tana ba da lumen 130 zuwa 160 a kowane wat. Ka nemi adadin da fitilar ke bayarwa bayan an haɗa ta an rufe da gilashinta, domin wasu masu sayarwa na ƙwayoyin LED tsirara suke rubutawa a kwali, shi kuwa kullum ya fi na gaskiya yawa.

Cikin masana'anta

Aikin da ake yi a wurin shi ke yanke hasken da ake bukata. Sito na ajiye kaya yana wadatuwa da luks 100 zuwa 200, wurin ɗaure kaya da lodi 300, wurin haɗa ƙananan sassa 500, aikin da ke cin ido sosai kuwa 750. Waɗannan su ne matakan da ƙa'idar Turai ta EN 12464-1 ke tafiya a kansu.

A ɗauki zaure mai tsawon mita 40 da faɗin 25, rufinsa mita 8, ana son luks 300. Faɗin ƙasan murabba'in mita 1,000 ne, don haka lumen 300,000 ake so su iso ƙasa. Fitilar wat 150 mai lumen 21,000 ba dukkan haskenta ke isowa ba: bango da rufi suna shanye wani, a bar kashi 70 cikin ɗari. Ƙura da tsufa za su rage wani, a ninka da 0.8. Abin da ya saura lumen 11,760 ne kowace fitila. Raba 300,000 da wannan, ka samu fitila 26, sai a mai da su 28 don su zauna layi huɗu, bakwai-bakwai, tazarar wajen mita 6. Duka za su sha kilowat 4.2. Da tsofaffin fitilun metal halide masu wat 400 ne, waɗanda kowace ke jan kusan wat 455 idan aka haɗa da cok ɗinta, wato na'urar da ke daidaita mata wuta, 28 za su sha sama da kilowat 12.7. A aikin awa 12, bambancin ya haura yunit 100 a rana.

Kada tazarar fitila da fitila ta wuce tsawon ratayarsu da yawa, in ba haka ba ƙasa za ta yi dabbare-dabbare, nan haske can duhu. Rufin da bai kai mita 6 ba yana son fitila mai baza haske digiri 120, daga 6 zuwa 10 mai digiri 90, sama da haka mai 60. A sito mai dogayen kantoci, fitila a tsakiyar layin da ake bi ake rataye ta, ba a saman kanta ba, kuma doguwa siririya ta fi mai zagaye.

Inda akwai injin da ke juyawa, zarto ko injin sassaƙa ƙarfe, a nemi fitilar da ba ta ƙyaftawa. Ƙyaftawar da ido ba ya kamawa tana iya sa abin da ke juyawa ya zama kamar a tsaye yake, mutum ya kai hannu. Wurin fenti ko rinin yadi kuwa yana bukatar CRI 90 don launi ya fito yadda yake; CRI ma'aunin yadda fitila ke fito da launi ne, iyakarsa 100. Sauran wurare 80 ya isa.

A kan titi

Nan ba ƙarfin haske ne abin dubawa ba, daidaituwarsa ce. Titi mai haske ƙal a gindin falwaya da duhu a tsakani ya fi titi mai matsakaicin haske hatsari, saboda idon mai tuƙi ba ya saurin sabawa. Idan gefe ɗaya za a jera falwayoyi, tsawonsu ya kai faɗin titin, tazararsu kuma ninki uku zuwa huɗu na tsawon: falwaya mai mita 8, tazarar mita 25 zuwa 30. Titin da ya fi tsawon falwaya faɗi a jera masa gefe biyu a saɓe, wanda ya wuce ninki ɗaya da rabi kuwa su fuskanci juna.

Tsohuwar fitilar sodiyam mai ruwan lemo ta wat 250 yawanci LED mai wat 100 zuwa 120 ke maye gurbinta, muddin gilashin na titi ne, irin Type II ko Type III da ke miƙa haske a tsawon hanya. Masu ɗaura fitilar haska fili a kan falwaya suna ɓata kuɗi ne, suna kuma kashe wa masu mota ido. A ɗaura kan fitilar a kwance, ko a ɗaga shi digiri 5 kawai. Launin haske da K ake auna shi, kuma 3000K, fari mai ɗan rawaya, ya fi dacewa da unguwannin zama, don farin da ya yi shuɗi-shuɗi yana hana barci idan ya shiga ta taga. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da wannan shawara tun 2016. Manyan hanyoyi suna ɗaukar 4000K.

Abin da ke kashe su

Ƙwayar LED ba kasafai take ƙonewa ba, dusashewa take yi a hankali. Alamar L70 ta awa 50,000 tana nufin a lokacin kashi 70 cikin ɗari na haskenta ne ya saura, kusan shekara 12 ke nan ga fitilar da ke ci dare kawai. Abin da ke riga ta mutuwa shi ne direba, ɗan akwatin da ke daidaita mata wuta. Zafi ne babban makashinsa: kowane ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar kafasitan da ke ciki. Don haka a duba iyakar zafin da aka rubuta a jikin fitilar, a tuna cewa ƙarƙashin rufin kwano ya fi ƙasa zafi nesa ba kusa ba, a bar mata sarari a sama, a riƙa kakkaɓe ƙurar da ke toshe haƙarƙarin alminiyam na bayanta. Fitilar da ba a iya canza direbanta shi kaɗai, a ganinmu, ba ta cancanci hawa falwaya ba.

Na biyu shi ne tsawa da hawan wuta na bazata. Kowace fitilar waje tana bukatar kariya ta kilobolt 10, kariyar kuma ba ta aiki sai wayar ƙasa tana da kyau. Ga ruwa da ƙura a nemi IP65 ko IP66, ga jifa da bugu IK08. Ruwa ya fi shiga ta ramin waya, don haka a ɗaure bakinsa tam.

Akwai matsalar da ke ruɗa ko gogaggen mai aikin lantarki: lodi kaɗan ne a lissafi, amma da an kunna sai bireka ta faɗi. Dalili shi ne a daidai kunnawa kowane direba yana fizgar wuta mai yawan gaske na ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Takardar direba tana faɗin guda nawa bireka ɗaya za ta ɗauka; a bi wannan, a sa bireka nau'in C maimakon B, a kasa fitilun rukuni-rukuni. A dogon layin titi a zaɓi kaurin wayar da faɗuwar bolt ba za ta wuce kashi 3 cikin ɗari ba a falwayar ƙarshe.

Ɗan idon nan mai gane duhu da ke kunna fitila da magariba a kau da fuskarsa daga hasken fitilar kanta, in ba haka ba zai yi ta kunnawa yana kashewa har asuba. Idan direban yana karɓar 0-10V ko DALI, wato hanyoyin ba shi umarnin rage haske, a saita shi ya rage haske zuwa rabi bayan sawu ya ɗauke.

Kafin a sayi ɗari, a ɗaura uku ko huɗu a jere, a fito da na'urar awon haske da dare a auna gindin kowace da tsakaninsu. Tsofaffin ƙwayayen da aka sauke kuma akwai sinadarin makuri a cikinsu, kada a fasa su, a tara su a kwali a miƙa wa masu karɓar sharar lantarki.