Yadda Za Ki Karɓi Aikin Shirya Biki a Gusau

Da farko zauna da uwar amarya, ki rubuta kowane taro da ranarsa: kamu, ɗaurin aure, yinin biki, walima. Tambaya, "Hajiya, mutum nawa kuke sa rai?" Duk adadin da ta faɗa, ƙara kashi 20 cikin 100, domin 'yan gayyar soɗi ba sa rasuwa, kuma abinci ya ƙare a tsakiyar taro sunanki zai ɓata.

Na biyu, karɓi kafin alƙalami, aƙalla rabin kuɗin, a rubuce. Kada ki taɓa jarinki.

Sai ki kama mai kanofi da kujeru da mai girki tun saura sati 3. A damina, daga Yuni zuwa Satumba, nemi zaure mai rufi. Iskar hadari ɗaya kan kifar da kanofi. Lokacin zafi kuwa ninka ruwan sha da ƙanƙara.

Raba wurin maza da na mata.

Ranar biki, iso awa 3 kafin a fara taro. Kunna janareta ki gwada lasifika, ki ajiye jarkar mai ta biyu. Sa mutum ɗaya amintacce a kan kulolin abinci, shi kaɗai zai riƙa buɗewa.