Yadda Ake Auna Kaki da Man Ƙamshi Wajen Haɗa Kyandir a Gida

Kyandir ɗin da ya yi gumi a samansa, da wanda yake ta baƙin hayaƙi, da wanda aka kunna ba a ji ƙamshin komai ba, sau da yawa tun a wurin awo ake ɓata su, saboda an auna da kofi da cokali. Kakin da ake sayarwa ɓarɓashi-ɓarɓashi akwai iska a tsakaninsa, cikin kofin yau ba zai yi daidai da na gobe ba. Man ƙamshi ma wani ya fi wani nauyi: cokali ɗaya na mai ƙamshin banila yakan rinjayi na lemo. Don haka da sikeli ake auna komai, a giram. Ka nemi na dijital, in da hali mai nuna har 0.1, musamman idan kaɗan-kaɗan kake haɗawa.

Abu na farko shi ne sanin nawa gilashin da za ka zuba kyandir ɗin a ciki zai ci. Ɗora shi babu komai a kan sikeli, ka danna maɓallin da aka rubuta TARE don ya koma sifili, sannan ka zuba ruwa zuwa inda kake so kyandir ya tsaya, ka bar kamar santimita ɗaya daga baki. Kaki bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa ake ninka nauyin ruwan da 0.86. Idan ruwan ya ba ka giram 250, to abin da zai cika gilashin giram 215 ne. Ka shanya gilashin ya bushe sarai kafin ka yi aiki da shi, domin ɗigon ruwa ɗaya yana sa kyandir ya riƙa tartsatsi.

A nan ne mutane da yawa suke zamewa. Giram 215 ɗin nan ba kaki ba ne zalla, kaki ne haɗe da mai. Yawancin kakin waken soya yana ɗaukar mai daga kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma kashi 8 wuri ne mai kyau na farawa. Sai ka raba 215 da 1.08, ka sami kaki giram 199. Ragowar giram 16 shi ne man. Da kashi 6 kake so, da 1.06 za ka raba. Kashi 10 kuwa da 1.10.

Wasu suna cire kason man ne daga jimillar nauyin, ba daga nauyin kakin ba. Bambancin kamar ba wani abu ba ne, amma duba: wanda ya ɗebi kashi 10 na jimilla, a zahiri ya ɗora wa kakinsa fiye da kashi 11, ya tsallake iyaka bai sani ba. Zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta, kuma ka karanta takardar da ta zo da kakin, domin can ne mai kamfanin yake rubuta iya abin da kakinsa zai iya riƙewa. Kakin farafin, wanda ake samu daga ɗanyen man fetur, da kakin zuma kowanne da tasa ƙa'idar.

Idan gilashi shida za ka cika, jimillar giram 1,290 ke nan. Tukunya da cokalin juyi sai sun riƙe nasu rabon, saboda haka ka ɗaga ta zuwa 1,350. Wannan zai ba ka kaki giram 1,250 da mai giram 100 cif.

Narka kakin a cikin mazubi da aka tsoma a tukunyar ruwan zafi, kada ka ɗora shi kai tsaye a kan wuta. Tun kafin ya narke ka auna man a ƙaramin kofin gilashi, ba na roba ba, don wasu mayukan suna cin roba. Kada kuma ka riƙa tsiyaya daga kwalba zuwa tukunya kana kallon sikeli. Hannu ya zarce, ba ka da yadda za ka kwashe. Kakin soya ya kai wajen digiri 85 a ma'aunin Selshiyas, sai a sauke, a zuba man, a juya a hankali minti biyu cikakku. Minti biyun nan ba ɓata lokaci ba ne. Idan kakin ya huce da yawa, ko juyin bai isa ba, man ba zai shige jikinsa ba, za ka gan shi ya kwanta a gindin gilashi kamar tabon jiƙa. A bar shi ya sauko wajen digiri 55 zuwa 60 kafin a juye.

Ƙara mai ba ya nufin ƙarin ƙamshi. Abin da kaki ya kasa riƙewa yana tsattsafowa sama ɗigo-ɗigo, ya toshe lagwani, wutar ta riƙa lumshewa ko ta yi hayaƙi, wani lokaci ma saman kyandir ɗin duka ya kama da wuta. In hakan ta faru a rufe shi da murfi, kada a watsa ruwa. Turaren fesawa na jiki kuwa ba shi da gurbi a wannan aiki sam, domin akwai sinadarin barasa a cikinsa, ba ya haɗuwa da kaki, kuma yana saurin kamawa.

Kada ka yanke wa ƙamshin hukunci washegari. Kakin soya yana son mako ɗaya zuwa biyu a rufe kafin ya tsumu, farafin kuwa 'yan kwanaki sun ishe shi. Bayan nan ka datse lagwani ya rage kamar milimita 5, ka kunna na awa uku zuwa huɗu. Idan kakin bai narke har gefen gilashi ba, ƙamshi ba zai tashi sosai ba ko da awonka daidai ne. Lagwanin ne ya yi ƙanƙanta, shi za ka canza, ka bar man yadda yake. Kowane haɗi ka liƙa masa takarda a gindi mai ɗauke da nauyin kaki, nauyin mai, zafin da ka zuba, da girman lagwani, kuma a gwaji na gaba abu ɗaya tak za ka sauya.