Ga masu zuba kwalbati: kar ku kashe katakonku da ƙusa

Salamu alaikum, iyayen gida da abokan sana'a. Shawara ce a kan katakon da ake kafawa a cikin kwalbati ko bakan gada kafin a zuba kankare.

Yawancinmu kafinta yakan ɗinke shi gaba ɗaya da ƙusa, ranar cirewa sai a shiga da guduma ana fasawa. Ni ma na taɓa asarar falanki kusan rabin mota a haka, har gefen kankaren ya ɓantare.

Ku raba shi gida biyu, hagu da dama, ku haɗa su da hinji a sama, tubaifo (katako mai inci biyu da huɗu) ya tokare su daga ciki. Ƙafar kowane ɓangare kuma ta zauna a kan weji biyu (guntayen katako masu tsini a baki ɗaya) masu fuskantar juna, nan sirrin yake. In lokaci ya yi, kana buge wejin katakon zai sauka inci ɗaya ko biyu, ya rabu da kankare da kansa. Cire tokarar, naɗe shi ciki, ja shi gaba zuwa zubi na biyu. A shafe fuskarsa da mai tun farko.

Wajen zubi, a riƙa cika gefe biyu daidai da daidai, in ba haka ba nauyin zai ture shi gefe guda.

Kada wanda ya ba ku aikin ya matsa muku wajen cirewa. Katakon gefe yana iya fita bayan kwana 2, amma na ƙarƙashin baka ku bar shi aƙalla kwana 14, ana ba kankaren ruwa safe da yamma. Wejin ma a sassauta shi kaɗan-kaɗan, daga tsakiya zuwa gefe.