Yadda matafiyi daga Gombe ko Bauchi zai ziyarci Ambuwaz, garin bakin kogi a Faransa

Mafi yawan mutanenmu da Allah ya nufa da zuwa Faransa, ko don taro ko karatu ko ziyarar dangi, a birnin Paris suke sauka, a can kuma kwanakinsu suke ƙarewa cikin turmutsitsin jiragen ƙarƙashin ƙasa, su dawo gida a gajiye kamar waɗanda suka yi kwanan kasuwa. Wannan bayani na wanda yake so ya ware kwana uku ne daga cikin tafiyarsa ya huta a wani ƙaramin gari mai natsuwa. Garin da na zaɓa shi ne wanda ake rubuta sunansa Amboise, a baki kuma a ce Ambuwaz, mai mutane kimanin 13,000, a bakin kogin Loire da ake furtawa Luwar. Shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000, kuma tun shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya wannan yanki na kwarinsa cikin wuraren tarihi na duniya. Gari irin wannan yana da nasa agogon, kuma baƙon da bai bi wannan agogo ba zai kwana da yunwa ko da aljihunsa cike yake da kuɗi.

Tafiyar tana farawa ne daga takarda. Bizar da ake buƙata ita ce ta gajeren zama a yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Faransa take ciki, wadda ba ta ba mutum damar wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ana cike buƙatar a shafin France-Visas, sannan mutum ya kai takardunsa da kansa cibiyar karɓa a Abuja ko Legas domin a ɗauki hoton yatsunsa. Kuɗin bizar babba Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar. Wajibi ne fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro yankin, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, haka nan inshorar lafiyar tafiya kada ta gaza ta Yuro 30,000. Ana iya neman bizar tun ana saura wata shida, saboda haka mutumin Gombe, wanda zuwa Abuja kaɗai yini guda ne a mota ta Bauchi da Jos, ba shi da dalilin jira sai aski ya zo gaban goshi.

Wajen haɗa kaya akwai abin da yake ba mutanenmu mamaki. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da abin da aka yi da madara a cikin jakarsa, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanun da ake haɗa wa mai tafiya a matsayin guzuri, gara a bar su a gida da a ba jami'an kwastan su zubar. Soket ɗin Faransa na fulogi mai ƙafafu zagayayyu ne, namu kuwa masu faɗi ne, don haka ka sayi mahaɗin da zai karɓi cajarka tun daga nan. Ka kuma shiga bankinka ka tabbatar katinka zai yi aiki a waje, ka riƙe 'yan Yuro a hannu saboda kasuwa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Mayu da Yuni ko Satumba. A Yuli da Agusta masu yawon buɗe ido suna cika garin da rana, natsuwar da ka zo nema sai da sassafe ko da yamma za ka same ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa sanyin ya zarce hunturun da muka sani, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, kuma masaukai da gidajen abinci da dama suna rufewa.

Daga Abuja jirgi yana kai mutum filin Charles de Gaulle na Paris cikin awa shida da wani abu. Daga Paris hanya biyu ce. Ko dai ka je tashar Austerlitz ka hau jirgin ƙasan da yake tsayawa a Ambuwaz kai tsaye, tafiyar kimanin awa biyu, ko ka je tashar Montparnasse ka hau jirgi mai gudu na TGV wanda zai kai ka Saint-Pierre-des-Corps, a gefen birnin Tours, cikin kimanin awa ɗaya, sannan ka sauya zuwa ƙaramin jirgin yanki. Ga mai manyan jakunkuna da bai iya Faransanci ba, ni na fi son ta farko, domin sauya jirgi cikin mintuna kaɗan a tashar da ba ka sani ba shi ne inda baƙo ya fi ruɗewa. Ana sayen tikiti a manhajar SNCF Connect ko a tasha, kuma jirgin ba ya jiran kowa ya cika, in lokacinsa ya yi ƙofa za ta rufe.

Tashar Ambuwaz tana tsallaken arewa na kogin, ainihin garin kuma yana kudu, saboda haka sai ka taka kimanin minti ashirin ka ƙetare gadar da ta ratsa ta kan wani tsibiri mai suna Île d'Or. Kada ka sa ran samun ɗan acaɓa ko Keke Napep a bakin tasha. Tasi ma sau da yawa sai an kira ta a waya, don haka in kayanka da nauyi ka roƙi mai masaukinka ya shirya maka tun kafin ka iso. Ban da ƙananan otal-otal, akwai abin da suke kira chambre d'hôtes, wato ɗaki a gidan wani magidanci wanda yake ba ka wurin kwana da karin kumallo. Irin wannan ya fi kama da saukar baƙo da muka saba, sai dai ka sanar da shi lokacin isowarka, domin ba kowane gida ne yake da mai tsaron ƙofa da dare ba.

A nan batun agogo yake shigowa. Gidajen abinci suna dafa na rana ne daga ƙarfe goma sha biyu zuwa biyu, su rufe kicin, ba za su sake buɗewa ba sai wajen ƙarfe bakwai na yamma. Ranar da na fara isa, sai da na yi sallah na huta, na fito ƙarfe uku saura da nufin cin abinci kamar yadda zan yi a Tudun Wada, na shiga gida uku a jere, kowanne mai hidima ya yi murmushi ya nuna mini kujerun da aka riga aka kife. Burodi da cukun akuya na saya, na zauna a kan dakalin bakin kogi na ci. Kantuna da yawa kuma ba sa buɗewa da yammacin Lahadi, wasu har da Litinin.

Musulmi zai so ya haddace 'yan kalmomi kafin ya buɗe takardar abinci. Porc naman alade ne, jambon da lardons ma daga gare shi suke, vin kuwa giyar inabi ce. Abincin da yankin yake alfahari da shi, rillettes da rillons, na alade ne, kuma ana yawan miƙa wa baƙo su don karramawa, saboda haka ka ƙi cikin ladabi. Kifin kogi shi ne mafita mafi sauƙi, amma miyar man shanun da ake zuba masa, beurre blanc, da farar giya ake haɗa ta, sai ka nemi a kawo maka shi ba tare da ita ba. Ruwan famfo a gidan abinci kyauta ne, in ka ce une carafe d'eau za a kawo maka tulun gilashi.

Sallah ma tana son shiri. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, Isha'i ta yi nisa, Asuba kuma ta zo da wuri ƙwarai, har barcin da ke tsakaninsu ya zama ɗan kaɗan. Ba za ka ji kiran sallah ba, sai ka dogara da manhajar waya, ka kuma lura cewa agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya a lokacin zafinsu, a lokacin sanyi kuwa daidai muke. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, mu kuwa a Gombe da Bauchi gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa, don haka kada sabo ya yaudare ka. Juma'a ta fi sauƙin samu a Tours, mai nisan kimanin kilomita 25. Mata su sani cewa hijabi a kan titi ba laifi ba ne, amma dokar da ta fara aiki a 2011 ta hana rufe fuska da niƙabi a bainar jama'a.

Safiyarka ta farko ka ba fadar sarakuna da ke kan tudu bisa garin. A nan aka haifi Sarki Charles na Takwas a 1470, a nan kuma ya mutu a 1498 bayan ya buga kansa da saman wata ƙofa. Amma abin da ya sa nake tura ɗan Arewa wannan fada ya wuce labarin sarakunan Faransa. A cikinta aka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya, malami ɗan gidan Ƙadiriyya, wanda ya jagoranci yaƙi da mamayar Faransa tun 1832, lokacin da Buba Yero na Gombe da Yakubun Bauchi suke raye. A ƙarshen 1847 ya ajiye makami bisa alkawarin za a bar shi ya tafi ƙasashen gabas, aka saɓa alkawarin, aka kawo shi Ambuwaz a 1848 tare da iyalinsa da mabiyansa, bai fita ba sai 1852 da shugaban Faransa na lokacin, Louis-Napoléon, ya sake shi. Mutum 25 daga cikin jama'arsa sun rasu a wannan zama, aka binne su a harabar fadar. Idan ka bi lambun ka haura can sama, nesa da inda 'yan yawon buɗe ido suke cincirindo, za ka tarar da wurin da suke kira Jardin d'Orient, inda mai fasaha ɗan Aljeriya Rachid Koraïchi ya kafa duwatsu 25 a 2005 don tunawa da su. Wurin shiru yake, iska tana kaɗa ganyaye, kogin yana shimfiɗe a ƙasa. Ka tsaya ka yi musu addu'a, ka tuna cewa mutumin da aka tsare a nan shi ne daga baya ya kare dubban Kiristoci daga kisa a Dimashƙa a 1860.

Daga fadar, tafiyar minti goma a ƙasa za ta kai ka gidan Clos Lucé, kuma a kan hanya za ka ga gidajen da aka fafe cikin farin dutse, da ƙofofi da tagogi da tukwanen furanni. A gidan ne Leonardo da Vinci, shahararren mai zane kuma mai ƙirƙira ɗan Italiya, ya zauna daga 1516 bisa gayyatar Sarki François na Ɗaya har ya mutu a 1519. An ƙera samfurin injunan da ya zana an baza su a lambu, ana barin yara su taɓa su juya, saboda haka mai tafiya da iyali ya ware wa wurin rabin yini.

Sauran lokacinka na kogi ne. Ka ɗauki hayar keke ka bi hanyar da aka ware wa masu keke a gefen ruwa, ko ka shiga ɗaya daga kwale-kwalen gargajiya masu shafaffen ƙasa da suke zagayawa da baƙi. Kada ka shiga wanka ko da ka ƙware a Dadin Kowa ko Wikki, domin Luwar yana da ruwa mai ja a ƙarƙashi, kuma yashin da kake gani kamar tudu yana iya zaftarewa da mutum nan take. Da yamma ka koma tsibirin tsakiyar gada ka zauna, daga nan ake ganin fadar gaba ɗaya yayin da rana take mayar da farin dutsenta ruwan zinariya. Mai ƙarin yini yana iya leƙa fadar Chenonceau, wadda aka gina a kan kogin Cher, kimanin kilomita 12 daga garin.

Ka tsara zuwanka ya haɗa da safiyar Lahadi, ranar babbar kasuwar da take ci a bakin kogi, akwai kuma ƙarama ranar Juma'a. Ba a yin ciniki a kan kayan abinci, farashin da aka rubuta shi ne, kuma ba a son mai saye ya riƙa latsa 'ya'yan itace da hannunsa, sai dai ya nuna a zaɓa masa. Gaisuwa kuwa a wurinsu tamkar sallama ce a wurinmu: kafin ka tambayi komai, a kanti ko a tasha, ka ce bonjour Madame ko bonjour Monsieur, in ba haka ba za a ɗauke ka marar tarbiyya. Ka sassauta murya in kana waya da gida, musamman da dare, domin titunan matsattsu ne kuma sauti yana shiga ɗakunan mutane. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Ranar komawa kada ka haɗa jirgin ƙasan Ambuwaz da jirgin saman Abuja a safiya ɗaya, domin yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ko gyaran layi yana iya soke tafiya. Ka koma Paris tun ana gobe, ka kwana kusa da filin jirgi, ka kuma duba manhajar jirgin ƙasan da daddare kafin ka baro garin.