Yadda Ake Rubuta Jerin Labaran Binciken Laifi da Gina Taurarinsu

Na sha karanta rubuce-rubucen sababbin marubuta masu son labarin binciken laifi, kuma kusan dukkansu a wuri ɗaya suke tuntuɓe. Marubuci zai buɗe babin farko da gawa a kwance, ya kawo jarumin ɗan sanda mai kaifin basira, ya yi ta gudu har babi na goma, sannan alƙalaminsa ya tsaya cak, saboda shi kansa bai san wanda ya yi kisan ba. Wannan nau'in labari daga ƙarshe ake fara gina shi, kuma duk abin da zan faɗa a nan a kan wannan ya dogara.

Mataki na farko shi ne ka rubuta laifin kansa, tun kafin ka ƙirƙiri mai bincike. Ka ɗauki shafi biyu ko uku waɗanda mai karatu ba zai taɓa gani ba, ka bayyana abin da ya faru daga ɓangaren mai laifin: wane ne shi, me ya kai shi, ƙarfe nawa ya shiga, ta ina ya fita, me ya taɓa, wa ya gan shi ba tare da ya sani ba, kuma wace ƙarya ya shirya domin ɓad da sawu. A ce ma'ajin wani kamfani ne da ya daɗe yana taɓa kuɗin da aka ba shi amana, sai ya ji cewa mai binciken asusu zai miƙa rahotonsa da safe. To, wajibi ne ka san inda rahoton yake a daren, da wanda ke riƙe da makullin ofis, da kuskure ɗaya tak da ma'ajin ya tafka cikin firgici. Wannan kuskuren shi ne bakin zaren da jaruminka zai kama. Edmond Locard, wanda ya kafa ɗakin binciken kimiyya na 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa a 1910, ya shahara da ƙa'idar da ke cewa duk inda abu biyu suka haɗu, kowanne yana barin alama a jikin ɗan'uwansa. Mai laifinka ya bar wani abu a wurin, ya kuma tafi da wani abu, kuma kai ne farkon wanda ya kamata ya san su.

Bayan haka sai ka tsaya a kan mai laifin, domin a nan ne na fi ganin rauni. Mutumin da ya yi kisa kawai don shi mugu ne ba ya riƙe littafi. Ka ba shi dalilin da, a idonsa, ya isa hujja: tsoron tonon asiri, bashin da ya shaƙe shi, gadon da yake ganin an danne masa, ko kare wani da yake ƙauna. Ka kuma ba shi wata kyakkyawar ɗabi'a ta gaskiya, yadda idan asirinsa ya tonu mai karatu zai ji zafi a ransa. A ganina dole ne ya bayyana a cikin kashi ɗaya bisa huɗu na farkon littafin, yana magana, yana mu'amala da jama'a kamar kowa. Marubucin da ya ɗauko baƙon fuska a babin ƙarshe ya ce ga wanda ya yi kisan, ya ci amanar wanda ya bi shi shafi ɗari biyu.

Sai mai bincike, wanda shi ne ginshiƙin jerin baki ɗaya, tunda laifi yana ƙarewa da littafinsa amma shi yana wucewa zuwa na gaba. Ka yanke shawara tun farko ko jami'in ɗan sanda ne, ko ɗan jarida, ko lauya, ko likitar da ke binciken gawa, domin aikinsa ne zai ƙayyade ƙofofin da za su buɗe masa da waɗanda za su rufe. Ɗan sanda yana da ikon kama mutum amma yana da shugabanni a kansa, ɗan jarida kuwa yana shiga inda jami'i ba ya shiga amma ba wanda ya wajaba ya amsa tambayarsa. Ka ba shi ƙwarewa ɗaya da ta fita daban, da aibi ɗaya wanda yake ɓata masa aiki a zahiri, kamar saurin yarda da wanda ya nuna rauni, har ya saki mutumin da bai kamata ya saka ba. Sannan ka ɗora masa wani ƙulli na rayuwarsa wanda littafi ɗaya ba zai warware ba, misali ɗan'uwan da ya ɓata shekaru da dama ba labari. Wannan ƙullin ne zai sa mai karatu ya nemi littafi na biyu. Ka haɗa shi da abokin aiki mai yi masa gardama, saboda ta hanyar muhawararsu ce mai karatu zai ji tunanin jarumin ba tare da dogon zancen zuci ba.

A gaɓar riƙe bayanan taurari daga littafi zuwa littafi ce ni kaina na yi tuntuɓe, shi ya sa nake nanata ta. A littafina na farko na ce jarumina maraya ne tun yana yaro, a na uku kuma na sa mahaifinsa ya kira shi a waya, kuma wata mai karatu ce ta tuna mini bayan littafin ya riga ya fita. Na kuma kashe wani ɗan leƙen asiri a littafi na biyu don kawai in girgiza masu karatu, daga baya na gane shi ne kaɗai hanyar da jarumin yake samun labarin ɓata-gari, sai da na ɓata babi uku ina ƙirƙirar madadinsa. Maganin wannan shi ne kundin taurari. Ka ware wa kowane tauraro shafinsa, ka rubuta shekarar haihuwarsa, danginsa, tabon da ke jikinsa, irin kalmomin da ya saba furtawa, abin da ya sani da kuma babin da ya san shi. Duk lokacin da ka faɗi sabon abu game da shi a cikin labari, ka koma kundin ka ƙara a ranar. Akwai manhajojin kwamfuta da ake sayarwa don wannan aiki, amma ban ga dalilin kashe kuɗi a kansu ba, littafin rubutu mai kauri ya wadatar. Kada ka kashe tauraro mai dawowa sai ka tabbata ka san wanda zai ɗauki aikinsa.

Waɗanda ake zargi kada su wuce huɗu ko biyar. Kowannensu ya kasance yana ɓoye wani abu na gaskiya wanda bai shafi kisan ba, domin ƙaryar da yake yi don rufe nasa asirin ita ce za ta karkatar da hankalin mai karatu. Alamar gaskiya kuwa ka ajiye ta a fili, a tsakiyar jerin abubuwa marasa muhimmanci, ko daidai lokacin da ake wata rigima da ta ɗauke hankali.

Ka kiyaye bayanan kimiyya, don masu karatu suna lura. Gawa takan fara ƙandarewa bayan awa 2 zuwa 6, ta cika ƙandarewa wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma zafi yana gaggauta wannan duka. Gwajin ƙwayar halitta na DNA a 1986 aka fara amfani da shi wajen binciken kisa, a Ingila, saboda haka labarin da ya faru kafin lokacin ba shi da wannan makami. Haka nan wayar salula ta rushe dabaru da yawa na da, dole ka bayyana dalilin da ya hana wanda ke cikin haɗari yin kira.

Wajen rubutun kansa, ka rufe kowane babi da sabuwar tambaya ko sabon haɗari, ka warware laifin littafin gaba ɗaya a ƙarshensa, ka matsar da babban ƙullin jarumin taki ɗaya kawai. Idan ka gama, ka ba mutum biyu su karanta, ka roƙe su su tsaya a tsakiya su rubuta sunan wanda suke zargi. Idan duka biyun sun canka daidai, ka koma ka ƙara wa sauran waɗanda ake zargi nauyi. Idan kuma sun kai ƙarshe suka ce babu yadda za a yi su gane, ka koma babin farko ka ƙara alama ɗaya.