Yadda za ka rage wa burauza nauyi idan ta fara saiɓi

Idan ka ji fankar kwamfuta tana ƙara, shafi kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya buɗe, mai yiwuwa burauza (manhajar shiga intanet irin su Chrome ko Firefox) ce ta yi wa kwamfutar nauyi, ta cinye RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita.

Da farko gano mai laifin. A Chrome danna Shift da Esc tare, a Firefox kuwa rubuta about:processes a gurbin adireshi. Za ka ga kowane shafi da yawan ma'adanar da ya riƙe. Sau da yawa shafi guda mai bidiyo ko tallace-tallace ne ke danne sauran. Zaɓe shi ka rufe.

Sai ka koma kan ƙananan manhajojin da ka liƙa wa burauzar, wato extensions. A ganina nan matsalar ta fi ɓuya, domin da yawansu suna aiki a ɓoye ko ba ka taɓa su ba. Gwajin mai sauƙi ne: danna Ctrl, Shift da N a Chrome, taga ta sirri za ta buɗe, inda a ka'ida ba sa aiki. In saurin ya dawo, to su ne. Kashe su duka, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai jawo nauyin, ka cire shi.

Daga nan a Chrome shiga Settings, sashen Performance, ka kunna Memory Saver domin shafukan da ba ka kallo su yi barci.

Sabunta burauzar, ka rufe ta gaba ɗaya ka sake buɗewa. In RAM ɗinka 4GB ne, kada shafukanka su yi yawa, gara ka adana adireshinsu ka dawo musu daga baya.