Kurakuran da 'yan uwanmu ke yi in sun je ganin teku a Legas

Duk ƙarshen shekara haka ake yi, mutum ya taso daga Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya zo Legas sarin kaya ko ziyarar dangi a Agege ko Idi-Araba, sai ya ce bari ya ware yini ɗaya ya kai iyali su ga teku. Abu ne mai kyau wallahi, amma akwai wasu kurakurai da nake ganin ana ta maimaitawa, wasu asarar kuɗi ne kawai, wasu kuma rai suke ci.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗaukar teku kamar kogi. Mutum ya iya iyo a kogin garinsu ko a dam ɗin Tiga sai ya ɗauka duk ruwa ɗaya ne, toh ba ɗaya ba ne. Tekun Atlantika a gaɓar Legas yana da wani irin ja, igiyar ta zo ta bugi ƙafarka sannan in za ta koma sai ta kwashe yashin da kake tsaye a kai, kafin ka ankara ruwan da yake iya gwiwa ya kai ƙirji kuma ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. In Allah ya kiyaye hakan ta faru kada ka ce sai ka yi kokawa da ruwan ka miƙe zuwa gaɓa, gajiya za ka yi, ka bi gefe ne, wato ka yi iyo ta tsawon bakin gaɓar har ka fita daga inda yake jan, kana ɗaga hannu a gan ka. Wanda bai iya iyo ba kuwa ya tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu, shikenan ya ga teku. Kuma dan Allah a daina shiga da jallabiya ko babban hijabi, in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Yara kuma a riƙe hannunsu, ba wai uwa tana can ƙarƙashin rumfa tana hango su ba, igiya ɗaya ta isa.

Ga mai iyali ni bakin ruwan Tarkwa Bay nake ba shawara, saboda duwatsun da aka jera na kare mashigar tashar jiragen ruwa suna rage ƙarfin igiyar a wurin. Sai dai mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa, ana hawa daga tashar jirgin ruwa ta wajen CMS ko Falomo, kuma a nan ma ana yin kuskure. Wasu su ƙi sa rigar ruwan nan layif jaket wai tana da datti ko za ta ɓata hoto, wasu su sa amma ba su ɗaure igiyarta ba. Sa ta ka ɗaure. In ka ga an cika jirgi fiye da kima sauka ka jira na gaba, kuma ka yi magana da mai jirgin a kan lokacin dawowa tun kafin ka sauka, ka baro wurin kafin magariba.

Sai masu zuwa da tsohon labari. Har yanzu akwai mai cewa a kai shi Bar Beach don babansa ya ba shi labarinsa, alhali an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic a kai. Bakin ruwan Landmark ma aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba ya bi ta kansa a 2024. Ka tambayi ɗan gari kafin ka fito.

Batun kuɗi ba sai na ja ba, kuɗin shiga daban, na ajiye mota daban, na rumfa da kujera daban, mai doki da mai hoto kowa da nasa. Ka ji farashi kafin ka zauna ko ka ɗora yaro a doki, kuma ka riƙe tsabar kuɗi don netwok yana iya ƙin yin tiransifa. Wuri irin bakin ruwan Elegushi daren Asabar da Lahadi kiɗa ne da shaye-shaye, in da iyali kake je da safe a tsakiyar mako. Ka tafi da darduma, alwala kuma ruwan teku mai tsarki ne ya halatta a yi da shi, babu dalilin barin azahar ta wuce.

Wani babban kuskuren shi ne cusa komai a yini ɗaya, wai da safe Lekki da rana Badagry da yamma bakin ruwa. Gosulon Legas ba zai bar ka ba. Gandun dajin Lekki Conservation Centre yana gabas, can ne ake hawa wata gada ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401, ga birai, kada ka riƙe abinci a hannu don za su warce. Badagry kuma tana yamma can kusa da iyakar Benin, yini guda take buƙata ita kaɗai, ka ga tsohon gidan benen da aka gina a 1845, ka ga sarƙoƙin da aka ɗaure bayi da su, ka haye ruwa zuwa tsibirin Gberefu ka taka hanyar da aka bi da mutane zuwa jirgi ba su sake dawowa ba. Wurin nan ba na dariya da ɗaukar bidiyon wasa ba ne, ka saurari mai yi muku bayani. In damina ce, musamman watan Yuni, ka ƙara lokaci a lissafinka don ruwa yana tare hanyoyi.

Sannan yawancin mutanenmu suna wuce gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan ba su ma san da shi ba, alhali a ciki aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, ramukan harsashin suna nan a jikinta. Ba shi da nisa da CMS, za ka iya fara shiga da safe kafin ka gangara ka hau jirgin Tarkwa Bay.